Lafiya Uwar Jiki: Darasi Daga Ƙauyukan Gadarif

A wannan fitowa filin namu zai yi tattaki zuwa gabas, bisa tsohuwar hanyar da kakanninmu suka bi da ƙafa zuwa Makka. Za mu ya da zango a jihar Gadarif ta ƙasar Sudan, dab da iyakar Habasha, ƙasar dawa da riɗi, inda Hausawa masu ɗimbin yawa suke zaune. Wasunsu jikokin maniyyata ne da guzuri ya ƙare musu a hanya, wasu kuwa zuriyar waɗanda suka yi hijira ne bayan yaƙin Burmi na 1903. Abin da ya kai mu can shi ne labarin wani malamin likita da almajiransa, da kuma wata tambaya da ke iya samun kowane magidanci a cikinmu: idan masu bincike suka yi sallama a ƙofar gida suna neman ɗigon jinin ɗanka, me ya kamata ka yi?

A yankin Gadarif akwai wata cuta da ake kira kala-azar. Wani ɗan mitsitsin ƙuda ne ke yaɗa ta, wanda bai kai sauro girma ba, yana cizo da dare, kuma ya fi yawa a dazuzzukan aduwa da ƙaya, inda baƙar laka ke tsattsagewa da rani. Wanda ya kamu yakan yi zazzaɓi na makonni, ya rame, jininsa ya ragu, saifarsa ta kumbura har ciki ya turo gaba. Yara da matasa ne suka fi shan wahalarta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa idan ba a yi magani ba, fiye da kashi 95 cikin 100 na masu ita ba sa tashi. Tsakanin 1984 da 1994 annobarta ta halaka kimanin mutum 100,000 a yammacin lardin Nilu ta Sama, wanda yau yake cikin Sudan ta Kudu.

Malamin da muke magana a kansa shi ne Farfesa Ahmad Muhammad Al-Hasan, wanda aka haifa a garin Barbar a 1930, ya rasu a watan Nuwamba na 2022, Allah Ya jiƙansa. Ya karanta likitanci a Khartum, ya ƙaro ilimi a Edinbura, ya ƙware a fannin binciken yadda cuta ke ɓata sassan jiki. A 1993 ya kafa Cibiyar Binciken Cututtukan Ƙasa a Jami'ar Khartum. Mai irin iliminsa yana iya zama a babban birni ya tara abin duniya, amma shi da almajiransa, irin su Farfesa Al-Ɗahir Awad Khalil da Farfesa Ahmad Mudawi Musa, sun riƙa zirga-zirga zuwa ƙauyukan bakin kogin Rahad shekara da shekaru. Cibiyar jinya da bincike da ke garin Doka a jihar Gadarif sunansa take ɗauke da shi.

Daga Afrilu 1994 zuwa Afrilu 1996 suka bi lafiyar mutanen ƙauyuka biyu. Na farko Um Salala, na ƙabilar Masalit, waɗanda suka ƙaurato daga yammacin Sudan. Na biyu Mushra Koka, ƙauyen Hausawa, waɗanda galibinsu a nan aka haife su. A Um Salala, cikin kowane mutum 1,000, kimanin 20 ne suka kwanta da cutar a shekarar farko, 38 a ta biyu. A Mushra Koka kuwa adadin bai wuce 3 zuwa 5 ba. Abin da ya fi jan hankali shi ne, gwajin jini da na fata ya nuna cewa ƙwayar cutar ta shiga jikin Hausawa da yawa, amma ba su kwanta ba. A shekarar farko, duk inda mutum ɗaya ya kwanta, akwai goma sha ɗaya da jikinsu ya murƙushe cutar ba tare da sun sani ba.

Kada wani ya ɗauki wannan abin alfahari na ƙabila. Cuta ba ta san yare ba, kuma an san cewa yunwa da ƙarancin abinci mai gina jiki suna cikin manyan abubuwan da ke buɗe mata ƙofa. Darasin da malaman suka ɗauka shi ne, ƙwaya ɗaya tana iya shiga jiki biyu, ta kayar da ɗaya ta bar ɗaya, kuma bambancin yana ga garkuwar jiki.

Allah cikin hikimarSa Ya sanya mana runduna a cikin jini, wato fararen ƙwayoyi masu tsaron jiki. Wasunsu aikinsu haɗiye baƙi, wasu kuwa, waɗanda ake kira ƙwayoyin T, su ne ke ba da umarnin yaƙi. Makircin kala-azar shi ne, tana shiga cikin waɗannan masu haɗiyar ta ɓuya, ta hayayyafa, kamar ɓarawon da ya tare a ɗakin mai gadi. A 1993 wani masanin Sudan, Hashim Galib, tare da abokan aikinsa, suka nuna cewa jikin majinyata yana cika da wani sinadari mai suna IL-10, wanda ke umartar rundunar ta ajiye makamai. Ke nan sojojin suna nan da ransu, linzami aka sa musu.

Daga nan tunani ya tafi ga rigakafi. Aka ɗauko wata allura da Cibiyar Razi ta Iran ta haɗa daga matattun ƙwayoyin wata ƴar uwar cutar, aka gauraya ta da BCG, wato allurar tarin fuka da ake yi wa jariranmu a hannu har ta bar tabo. Mutum 2,306 suka ba da kansu, aka bi su shekara biyu. Sakamakon da aka buga a mujallar Lancet a 2000 bai yi daɗi ba: allurar ba ta ba da kariyar da aka sa rai ba. Malaman suka faɗi haka a fili, ba su ɓoye ba. A wurinmu wannan shi ne babban shaidar amanarsu, domin mai tallar maganin ƙarya bai taɓa cewa maganinsa ya gaza ba.

Ba su yanke ƙauna ba. A Sudan fiye da rabin waɗanda suka warke daga kala-azar sukan sami wasu ƙuraje a fuska da jiki bayan ƴan watanni. Yawancinsu suna bajewa da kansu cikin shekara, amma wasu sukan zauna daram, su ɓata fuskar yarinya, su hana yaro shiga cikin tsaransa, kuma ƙuda yana iya ɗaukar cutar daga gare su ya kai wa wani. Maganinsu a wancan lokaci allura ce mai zafi kullum har wata biyu. Sai malaman suka ce, bari a haɗa maganin da wannan allurar rigakafi, ko rundunar jiki za ta farka ta taya shi aiki. Aka gwada a kan majinyata 30, aka raba su gida biyu. Rahoton 2008 ya nuna cewa bayan kwana 60, kashi 87 cikin 100 na waɗanda aka haɗa musu biyun sun warke, alhali kashi 53 ne suka warke cikin waɗanda aka ba magani kaɗai. Gwaji ne ƙarami, amma ya nuna hanya. Wani aikin da aka yi da majinyatan Gadarif da na ƙasashe maƙwabta ya sa a 2010 aka amince da haɗin magani biyu da ya rage jinyar kala-azar daga kwana 30 zuwa 17. Duk manomin da ya taɓa zaman jinya a lokacin girbi ya san darajar kwana 13.

Wannan dabara ta tayar da garkuwar jiki ita ce ta sauya yadda ake yaƙar ciwon daji a duniya. Tun 1976 wani likita a Kanada, Alvaro Morales, ya nuna cewa zuba BCG cikin mafitsara yana rage dawowar sankarar mafitsara, kuma har yau ana amfani da hanyar. Daga baya James Allison na Amurka da Tasuku Honjo na Japan suka yi bincike a kan linzamai biyu da ke jikin ƙwayoyin T, waɗanda ciwon daji ke fakewa da su don kada a kai masa hari. Aka haɗa magungunan da ke kwance waɗannan linzamai, na farkonsu ya sami izini a Amurka a 2011, kuma su biyun suka karɓi kyautar Nobel a 2018. Wasu masu sankarar fata da a da ba a ba su shekara guda, yanzu suna rayuwa shekaru goma da ɗoriya. Sai dai ba kowane majinyaci maganin ke yi wa aiki ba, yana da nasa lahani, kuma tsadarsa ta fi ƙarfin talaka nesa ba kusa ba. Hanya kuma ta taɓa biyowa ta baya: miltefosine, ƙwayar sha da ake ba masu kala-azar, asalinta don ciwon daji aka haɗa ta.

Yanzu mu koma ga tambayarmu ta farko. Mun san dalilin ɗari-ɗarin da mutanenmu ke yi. Gwajin maganin Trovan da aka yi a kan yara a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ya bar rauni a zukata, kuma yana cikin abubuwan da aka riƙa ambata sa'ad da aka dakatar da rigakafin shan inna a 2003, abin da ya sa cutar ta sake bazuwa zuwa ƙasashe da dama, har da Sudan. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Amma da mutanen Mushra Koka sun rufe ƙofofinsu, da abin da aka koya a jininsu bai amfani kowa ba. Hanyar da ta dace da Musulmi ita ce ya yi tambaya. Su wane ne ku, kuma wace hukuma ta ba ku izini? Mene ne amfanin abin, mene ne haɗarinsa? Idan yaro ya sami matsala, wa zai ɗauki nauyin jinyarsa? Ina da ikon janyewa duk sa'ad da na so? A yi bayanin da harshen da uwa da uba ke ji, a gaban mai gari ko limami. Mai bincike na gaskiya yana murna da waɗannan tambayoyi. Wanda ya fusata da su, a sallame shi.

Akwai kuma abin da ke hannunmu tun yau. Allurar ciwon hanta nau'in B da ake yi wa jarirai tana kare su daga sankarar hanta idan sun girma. Allurar HPV, wadda Nijeriya ta shigar cikin rigakafin ƴan mata a watan Oktoba na 2023, tana kare su daga sankarar bakin mahaifa. Duka biyun horar da garkuwar jiki suke yi tun kafin abokin gaba ya iso. Uwa da ta ji ƙullutu a mama, ko magidanci da ya ga jini a fitsari, kada su tsaya sai abin ya ci jiki. A Yamai, Cibiyar Yaƙi da Ciwon Daji ta Ƙasa ta fara jinya da haske a 2021. Addininmu ya hore mu da neman magani, kuma malamai sun daɗe da bayyana cewa riƙo da sababi yana cikin tawakkali.

Yaƙin da ya ɓarke a Sudan a watan Afrilu na 2023 ya tarwatsa jami'o'i da asibitocin Khartum, ya koro dubban ɗaruruwan mutane zuwa Gadarif, da yawansu ba su taɓa haɗuwa da wannan ƙuda ba, ga kuma yunwa. Aikin da Farfesa Al-Hasan ya shafe rayuwarsa yana ginawa yana bukatar magada. Muna kira ga iyaye, idan Allah Ya ba ku yaro ko yarinya mai kaifin basira da son kimiyya, ku ƙarfafa musu, ku sanar da su cewa ilimin likitanci farilla ce da wasu ke ɗauke wa al'umma, kuma yana cikin ilimi mai amfani da ladansa ke bin mutum har kabari.

Allah Ya kawo wa ƴan uwanmu na Sudan zaman lafiya, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya saka wa duk wanda ya yi hidima ga bayinSa da mafificin alheri. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah Ya kai mu.