Agogon Alhaji Ko Agogon Fenti?

Agogo sarkin aiki, in ji Bahaushe, amma a wurin yawancinmu, ɗalibai da ƙananan ma'aikata, ya zama sarkin ado. Tun da wayar hannu ta karɓe masa aikin faɗin lokaci, sai yayin tsohon agogo ya dawo: Seiko, Rado, Citizen, irin waɗanda alhazai suka riƙa kawowa tsaraba daga Makka a shekarun 1970. A gari irin Babban Mutum, wanda yake bakin iyaka a ƙasar Daura, inda kaya ke shiga da fita tsakaninmu da Nijar, mai saye yana iya tarar da na gaske da na jabu a faranti guda. Abin takaici, mu da muke taƙama da boko mu ne muka fi saurin zuba albashin wata a kan sunan da aka rubuta a fuskar agogo, alhali ba abin da ya fi fuska sauƙin sakewa da fenti.

Agogo kuwa yana ɗauke da shaidarsa a jikinsa. Mu ɗauki Seiko 5, wanda aka fara ƙerawa a 1963. A marfin bayansa akwai lambar inji, kamar 6119 ko 7009, kuma dole ta yi daidai da wadda aka rubuta ƙanana a gindin fuska da wadda take jikin injin kansa. In suka saɓa, to haɗe-haɗe ne. Akwai kuma lambar ƙira: adadin farko yana nuna ƙarshen shekara, na biyu wata. Wanda ya fara da 7N an yi shi a Nuwamba ta shekarar da ta ƙare da 7, kamar 1977 ko 1987. Irin injin ne zai raba gardama. Saboda haka idan dillali ya rantse cewa kakansa ne ya zo da agogo daga hajjin 1975, aka buɗe aka ga inji 7S26, wanda bai fito ba sai 1996, to rantsuwar ta tashi a banza. Hannun sakan ma yana tona asiri: na gaske yana tafiya sulu-sulu, wanda aka cusa wa injin batir kuwa tsalle yake yi ɗaya-ɗaya.

Buɗe marfin nan ba aikinmu ba ne, aikin tsofaffin masu gyaran agogo ne, waɗanda muke wucewa a bakin kasuwa ko gaisuwa babu. Ra'ayinmu shi ne kada a kammala ciniki sai a gaban teburinsu, a kuma biya su ladan dubawa ba tare da jayayya ba. Dillalin da ya ƙi yarda a buɗe agogonsa, sai a miƙa masa kayansa a yi sallama.