Sharhi: Yadda tsiron gero ke jure tsayawar ruwa a Borno

Kowace shekara Hukumar Kula da Yanayi ta Ƙasa, NiMet, kan yi gargaɗi game da tsayawar ruwa bayan faɗuwar damina a jihohin Arewa. Ga manomin gero a kewayen Maiduguri, inda damina ba ta cika wuce watan Yuni zuwa Satumba ba, makonnin farko bayan shuka su ne masu haɗari. Tsiro ya fito, saiwarsa ba ta yi nisa ba, rairayi kuma kan bushe cikin kwanaki kaɗan.

Tsiron yana da tasa dabarar. Da zarar ƙasa ta soma bushewa, wani sinadari da jikinsa ke samarwa, wanda masana suka gano a shekarun 1960 suka kira ABA, sai ya ƙaru. Shi ne ke rufe ƙananan ƙofofin ganye da ruwa ke fita ta cikinsu a matsayin tururi. Yana kuma rage tsawon kara da faɗin ganye, yayin da saiwa ke ci gaba da nutsawa neman laima. Manomi kan ga tsiro ya tsaya cak ya ɗauka ya lalace, alhali tattalin ruwa yake yi.

Sai dai tattalin yana da tsada. Ta waɗannan ƙofofi ne ganye ke shaƙar iskar da yake haɗa abinci da ita, don haka tsiron da ya daɗe a rufe yunwa ce za ta kama shi. Idan farin ya yi tsawo, dole a sake shuka, da irin da wataƙila babu shi a rumbu.

Manoman masakwa na Dikwa da Ngala sun daɗe da fahimtar wannan lissafi: sukan datse ganyen dashe kafin su kafa shi a ƙasar firgi bayan damina, domin ya rage asarar ruwa.

Fesa wa gona ABA na kwalba ba mafita ba ce ga ƙaramin manomi, domin yana da tsada, hasken rana kuma na saurin lalata shi. Hanya mafi kusa ita ce zaɓen iri. Cibiyar Binciken Tafkin Chadi da ke Maiduguri, wadda aka kafa a 1975 kuma aka ɗora wa alhakin inganta gero da alkama, ta fitar da irin SOSAT mai saurin nuna tare da haɗin gwiwar cibiyar ICRISAT.

Inda gizo ke saƙa shi ne isar irin ga mai shuka. Rikicin Boko Haram ya raba ɗimbin manoman Borno da gonakinsu da irin da suka gada, malaman gona kuma sun yi ƙaranci. Ya kamata gwamnatin jihar ta riƙa raba iri tun watan Mayu, tare da hasashen NiMet na kowace ƙaramar hukuma cikin Hausa da Kanuri.