Dashen birki a tsohuwar Golf: a dasa duka, ko a bar mata nata

A hanyar da ta taso daga Kaura Namoda ta ratsa Dauran zuwa Zurmi da Jibiya, da wadda ta miƙe zuwa Shinkafi, ƙaramar mota Golf na cikin motocin da suka riƙe sufurin jama'a. Ita ce ta ɗaukar fasinja biyu a gaba huɗu a baya, ita ce ta buhunan gero da wake, ita ce kuma ta kai mai naƙuda asibiti. Kamfanin Volkswagen ya ƙera Golf 2 daga 1983 zuwa 1992, ya fito da Golf 3 a 1991, ya ci gaba da yin mai dogon bayanta har 1999. Ke nan mafi ƙuruciya a cikinsu ta haura shekara 25. Tun bayan janye tallafin mai da faɗuwar darajar naira a 2023, sauya mota ya fi ƙarfin yawancin direbobi, sai dabara ta koma gareji: a ciro shokozoba da sifirin da faifan birki daga motar da ta fi sabunta, a dasa wa tsohuwa.

Dabarar ba abin zargi ba ce, har ma ta cancanci yabo. Inda gizo ke saƙar shi ne yadda ake dasa rabin abu a bar rabi. Birki da ƙafar mota tsari ɗaya ne da injiniyoyi suka auna kowane sashensa da ɗan'uwansa, don haka wanda zai taɓa shi ko dai ya ɗauko tsarin cikakke, ko ya gyara na asali ya bar shi yadda yake.

Abin da ya sa dashen ke yiwuwa

Golf 2 da Golf 3 kusan 'yan ɗaki ɗaya ne, domin an gina ta ukun a kan tsarin ta biyun. Yawancinsu kusoshi huɗu ne a kowace ƙafa, kuma da yawa daga kayan ƙafarsu na zama a gurbin juna ba tare da walda ba. Ƙananan Golf 2 sun zo da faifan gaba mai faɗin milimita 239, yayin da wasu Golf 3 ke da mai 256 wanda aka yi wa ramukan shan iska a tsakiya. Masu babban inji, irin su VR6, faifansu ya kai 280 zuwa 288, da kusoshi biyar. A Turai ma masu sha'awar tsofaffin motoci sun daɗe suna wannan musaya, har suna ɗauko matsin birkin baya na Golf 4, wanda aka yi da alminiyom, saboda na tsofaffin yakan cije ya hana birkin hannu aiki.

Direban Dauran na da hujjar da ta fi ta mai sha'awa ƙarfi. Aikin birki shi ne mayar da gudu zafi, kuma zafin na ƙaruwa da nauyi da kuma gudu. Motar da ke tafiyar kilomita 120 a awa na buƙatar zubar da zafin da ya ninka na mai tafiyar 80 sau biyu da kwata. In aka ƙara mata rabin nauyinta na kaya, lissafin ya haura ninki uku. Ga shi kuma hanya ce da matsalar 'yan bindiga ta sa direba ba ya son rage gudu a wasu dazuzzuka, sai rami ya bayyana masa farat ɗaya. Faifai mai faɗi da kauri ya fi jure irin wannan taka birki a kai a kai. Wanda ya nemi babban faifai bai yi wauta ba.

Inda rabin dashe ke kisa

Matsala ta farko tana ƙarƙashin ƙafar direba. Matsin birkin ƙaramar Golf 2 fistinsa milimita 48 ne, na babban faifai kuwa 54. Bambancin kamar ba komai ba ne a ido, amma babban na shan man birki fiye da ƙaramin da kusan kashi 27 cikin ɗari. In aka bar tsohuwar masta mai milimita 20.6 ba a sa mai 22.2 ba, feda za ta yi nisa kafin ta kama. Direba zai saba da bugunta sau biyu, ya ɗauka halin motar ne, har ranar da lokacin bugu na biyu ba zai samu ba.

Ta biyu ta fi ɓuya, ta kuma fi haɗari. Yawancin waɗannan motoci na da wani ɗan bawul a ƙarƙashin baya, wanda aka haɗa da gindin ƙafafun baya da ƙaramin sifirin. In an loda mota bayanta ya zauna, bawul ɗin ya buɗe ya ƙara wa birkin baya ƙarfi; in ba kaya, ya rage, don kada tayoyin baya su riga na gaba cijewa. Da ma'aunin zaman mota kawai yake gane nauyi. To, abin da aka fi yi wa motar haya shi ne a sa mata sifirin mai tauri da tsawo don kada bayanta ya taɓa ƙasa. Daga nan bawul ɗin ya ruɗe: mota na ɗauke da buhu shida, shi kuwa yana ganin fanko ce. Sai dukan aikin ya koma kan birkin gaba, ya yi zafi, ya saki. Wani makanike kuma in ya ga bawul ɗin ya yi tsatsa sai ya cire shi ya haɗa bututu kai tsaye. Wannan motar za ta yi daidai a hanyar zuwa kasuwar Shinkafi ranar Alhamis da lodinta, amma a dawowa fanko, birki ɗaya mai ƙarfi a kan yashi ko jiƙaƙƙen titi na iya juya bayanta gaba. Bawul ɗin dai ba a ganinsa, shi ya sa ba a tuna shi.

Ta uku ita ce tilasta wa ƙarfe zama inda ba gurbinsa ba. Hannun ƙafar gaba na Golf 3 ya ɗan fi na Golf 2 tsawo, don haka sai an haɗa da shaf da tayarod nata, in ba haka ba shaf zai riƙa aiki a miƙe fiye da ƙima, taya kuma ta ci gefe guda. Ƙafar gaban Golf 4 kuwa ɗaurinta daban ne gaba ɗaya, ba ta zama sai da yanka da walda. Haka rim ɗin Fijo mai kusoshi huɗu, tazarar ramukansa milimita 108 ce, ta Golf kuwa 100. Wanda ya goge ramuka don su haɗu ya ɗora rayukan mutum bakwai a kan ƙusar da ba ta zauna daidai ba. Babban faifai mai 280 ma ba ya shiga sai a rim mai inci 15. Kowane sauyi na jawo ɗan'uwansa, kuma kuɗin direba kan ƙare a tsakiyar jerin.

Masu cewa a hana, da masu cewa a ƙara

Akwai masu ganin a haramta dashen baki ɗaya, kowace mota ta tsaya a kan abin da kamfani ya sa mata. Wannan magana ce ta wanda ke da zaɓi. Kayan asali na motar 1988 sun yi wuya, abin da ke zuwa kasuwar Kofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna galibi tsofaffi ne da aka ciro daga motocin Turai, ko sababbin da ba a san ingancinsu ba. Sau da yawa kayan Golf 3 masu lafiya sun fi na Golf 2 da suka gaji aminci. Jamus kanta, inda aka haifi motar, ba ta hana sauyi ba. Dokarta ta ce duk canjin da ya shafi lafiyar mota sai masu bincike irin na TÜV sun duba sun amince, in ba haka ba izinin hawa titi ya faɗi.

A ɗaya gefen akwai masu ganin babban birki lasisin ƙarin lodi ne. Su ma sun kuskure. An ƙera Golf ta ɗauki kimanin rabin tan, har da mutanen cikinta, kuma sabon faifai bai ƙara wa bodi ko boris ƙarfi ba. Bugu da ƙari, taya ce ke tsayar da mota a ƙarshe. In ta suɗe, babban birki zai cije ta da wuri ne kawai, motar ta ci gaba da zamewa. Man birki shi ma yana shan danshi: irin DOT 4 sabo ba ya tafasa sai a digiri 230, amma wanda ya sha ruwa na iya tafasa a 155, shi ya sa kamfanoni ke cewa a sauya shi duk shekara biyu. Direban da ke da kuɗin abu ɗaya tak, taya mai kyau da sabon mai da lafiyayyen bawul sun fi masa faifan VR6.

Wa zai duba?

Jami'an hukumar kiyaye haɗurra da na duba lafiyar motoci ba za su iya shiga ƙarƙashin kowace Golf ba, balle a yankin da fita hanya ma kasada ce. Waɗanda ke ganin motocin kullum su ne shugabannin tasha na ƙungiyar NURTW da makanikan ƙungiyar NATA. Su za su iya kafa ƙa'ida mai sauƙi: motar da aka taɓa wa birki ko ƙafa ba za ta shiga layin lodi ba sai an gwada ta a fili, sau ɗaya da kaya sau ɗaya fanko, an ga ta tsaya a miƙe kuma gaba ya riga baya kamawa. Makanike ya rubuta a ƙaramin kati abin da ya sa da motar da aka ciro shi, don wanda zai gyara gobe ya san irin fad ɗin da zai nema. Kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya da ke Kaura Namoda na da malaman injiniya da za su iya tsara jadawalin kayan da ke dacewa da juna, da Hausa, a shafi guda, a manna a kowane gareji.

Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Fasinjan da ya hau mota a Dauran ya biya kuɗin isa Zurmi ne, bai san masta ko bawul ba, ya dai miƙa amanarsa ga mutum biyu, direba da makanike. Gwajin minti goma a bayan tasha shi ne mafi ƙarancin abin da yake binsu.