Turancin Burga Ba Ya Kashe Ciyawa

Na gaji da wannan sabuwar haukar farautar manyan kalmomin Turanci. Yaro ya gama sakandare a Kafur, ya sa data a waya, ya wuni yana kallon wani yana koyar da kalmomin da ko Bature sai ya buɗe ƙamus, da yadda ake murguɗa baki wajen faɗinsu. Da yamma ya zo majalisa ya zazzage mana su, abokai su yi ta tafi. To, miƙa masa gorar maganin ciyawar da babansa ya sayo a kasuwar Malumfashi, ka ce ya karanta maka abin da ke jiki. Sai susar ƙeya.

Ban ga laifinsa sosai ba. Mu manya ne muka mayar da Turanci kayan ado. Patrick Obahiagbon ya wakilci Oredo ta Jihar Edo a Majalisar Wakilai daga 2007 zuwa 2011, kuma abin da ake tuna shi da shi har yau shi ne kalmomin da ba wanda ya gane. An yi dariya, an kuma yi sha'awa, yara suna kallonmu. Darasin da suka ɗauka shi ne wanda ba a fahimta shi ne gwani.

Makaranta kuma ta ƙara wa Borno dawaki. A jarrabawar WAEC akwai takardar lafazi mai tambayoyi 60 cikin minti 45, amma a Najeriya da fensir ake amsa ta, ɗalibi ba ya buɗe baki, ba ya jin muryar kowa. Ina aka taɓa gwada furuci da fensir? Malami ya cika allo da alamomin sauti, yara su haddace, su fita ba su taɓa jin kalmar a kunnensu ba. Ran da ɗayansu ya musanya p da f, sautukan da Hausa ba ta raba su ba, a yi masa ihu har ya daina magana a aji. Alhali kakanninmu da suka yi soja sun ji colonel a bakin Turawa suka ce kanar, kuma sun fi kusa da daidai a kan mai digirin da ke bin haruffa ɗaya bayan ɗaya.

Kalmomin Turanci masu wuya da suka shafi rayuwar mutumin Kafur suna nan, ba a bidiyo suke ba. Suna jikin gora, da ƙananan haruffa. Pre-emergence na nufin a fesa kafin tsiro ya fito, post-emergence kuwa bayan ya fito. Haruffa kaɗan ne tsakani, amma wanda ya rikita su yana iya asarar kuɗin magani da na iri gaba ɗaya. Non-selective na nufin maganin ba ya zaɓe, duk kore da ya taɓa ya mutu, kamar glyphosate. Atrazine masara na jure shi, amma waken soya da wake ba sa jurewa, ga shi mu a nan haɗa shuka muke yi. Akwai kuma pre-harvest interval, kwanakin da dole a jira bayan feshi kafin a girbe a ci. Tumatir nawa ne ke shiga kwando ba a jira ba? Sai ka ga matashi da injin feshi a goye, ba takalmi, ba abin rufe hanci, yana auna magani da murfin gora, yana busa bakin bututu da leɓɓansa idan ya toshe. Gargaɗin yana rubuce a jikin gorar da ke hannunsa, da yaren da ya yi shekara 12 yana koyo a makaranta.

Abin da ke ƙara ƙona mini rai shi ne wannan yanki ba baƙo ba ne ga aikin wayar da kan manomi. Funtua na cikin wuraren da aka fara shirin bunƙasa noma na Bankin Duniya a 1975, malaman gona suka riƙa bin ƙauyuka suna bayani da Hausa. Samaru, da cibiyar binciken nomanta, ba ta da nisa. Yanzu mai shago ne malamin gona, shi ma da ka yake faɗi.

Malaman Turanci, ku sauke mana jerin kalmomin burgar nan. Ku kwafi rubutun jikin gora da na buhun taki da na takardar bashin banki a allo, ku faɗa da baki yara su ji, ku fassara. Hukumar NAFDAC kuma, duk maganin feshin da za a sayar a Funtua da Malumfashi da Kafur, kada ki ba shi lamba sai an rubuta awo da gargaɗinsa da Hausa, da manyan haruffa.