Mu Tuna Da Mamatanmu Ta Hanyar Tallafa Wa Ɗaliban Ilmin Ruwa

A ƙasar Amurka akwai wata al'ada da ta daɗe tana ba ni sha'awa. Idan wani masani ko mai hali ya rasu, sai iyalansa, ko almajiransa, ko ƙungiyar da ya yi wa hidima su kafa asusu da sunansa, a riƙa ba ɗaliban jami'a tallafi kowace shekara domin su gudanar da bincike. A ganina wannan hanya ce ta tunawa da mamaci da ya kamata mu ma mu runguma, musamman a fannin ilmin ruwa da muhalli.

Bari mu ɗauki misalin Abel Wolman, injiniyan da aka haifa a birnin Baltimore a 1892, ya kuma rasu a 1989. A zamanin ƙuruciyarsa zazzaɓin taifot yana hallaka jama'a a biranen Amurka ta hanyar ruwan sha. An riga an san cewa sinadarin kulorin yana kashe ƙwayoyin cuta, amma ba a daidaita gwargwadon da za a zuba ba. In an ƙwange, ƙwayoyin su tsira; in an cika, ruwa ya yi wari ya ƙi shawuwa. Bugu da ƙari, dattin da ke cikin ruwa yakan cinye wani kaso na kulorin, saboda haka kowane ruwa da tasa buƙata. A 1919 Wolman da abokin aikinsa Linn Enslow suka fito da hanyar auna wannan buƙata, alhali Wolman bai kai shekara 30 ba. Ƙungiyar ma'aikatan ruwa ta Amurka, wato AWWA, wadda aka kafa a 1881, ta ware tallafi da sunansa domin masu karatun digirin dakta a kan ruwan sha.

Haka nan Robert Horton, wanda ya rayu daga 1875 zuwa 1945. Shi ne ya bayyana cewa ƙasa tana da iyakar ruwan saman da za ta iya tsotsewa a cikin wani lokaci, abin da ya haura kuwa sai ya malala, ya jawo zaizaya da ambaliya. Ƙungiyar masana kimiyyar ƙasa ta Amurka, AGU, ita ma tana ba ɗaliban ilmin ruwa tallafin bincike da sunansa. Ke nan mutanen nan biyu sun daɗe a kabari, amma aikin da suka fara yana hannun yaran da ba su taɓa gani ba.

To, me ya sa ɗalibi zai buƙaci irin wannan tallafi? Hausawa sun ce da ruwan ciki ake jan na rijiya. Binciken ruwa ba a zaune ake yin sa ba. Dole ɗalibi ya je bakin kogi ko rijiya ya ɗebo samfur, da damina da kuma rani, tun da ruwa yakan sauya da sauyin yanayi. Idan ƙwayoyin cuta yake nema, sai ya adana samfurin cikin sanyi, ya kai ɗakin gwaji cikin 'yan sa'o'i, in ba haka ba sakamakon ya lalace. Ga kuɗin mota, ga na sinadarai, ga na awo. Ɗalibin da da ƙyar ya biya kuɗin makaranta, ina zai samo waɗannan? Abin da yakan faru shi ne ya ɗebi ruwan rijiyoyi biyu ko uku na bayan makaranta, ya rubuta abin da ya samu, a ba shi takardar shaida, ƙasa ba ta ƙaru da komai ba.

Alhali kuwa tambayoyi suna nan jibge a gabanmu. Tafkin Chadi ya ragu da kimanin kashi 90 cikin 100 tsakanin shekarun 1960 da na 1980, ko da yake ya ɗan farfaɗo daga baya. Tun bayan gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, tafiyar ruwa a fadamun Haɗeja da Nguru ta sauya, kacalla ta toshe hanyoyin ruwa, manoma da masunta suka shiga wahala. A 2010 gubar dalma daga aikin haƙar zinariya ta kashe yara aƙalla 400 a Jihar Zamfara. Kowace ɗaya daga cikin waɗannan tana buƙatar ɗan ƙasa mai ilmi wanda ya san wurin, yake jin harshen mutanensa.

Wani zai ce gina rijiyar burtsatse da sunan mamaci ya fi, domin ana ganin ta, ana kuma sha yau. Ban musa ba, shayar da ruwa babban alheri ne. Sai dai wane ne a cikinmu bai san wata burtsatse da aka buɗe da biki ba, bayan 'yan shekaru ta ƙafe, ko ruwanta ya ƙi shawuwa? Sau da yawa dalili shi ne ba a nazarci ƙasar wurin ba kafin a haƙa. Ɗalibi guda da ya ƙware zai iya ceto rijiyoyi masu yawa. Kuma ai malamanmu sun daɗe suna karantar da mu cewa ilmi mai amfani yana cikin abubuwan da ladansu ba ya yankewa bayan mutuwa, daidai da sadaka mai gudana.

Amma fa sai an kiyaye sharuɗɗa, in ba haka ba abin ya tsaya a bikin shekara guda. Na farko, a mai da dukiyar wakafi, a juya ta, riba kawai za a riƙa rabawa, don kada tsadar rayuwa ta cinye uwar kuɗi. Na biyu, malaman fannin su zaɓi ɗalibi bisa cancantar aikinsa, iyalan mamaci su cire hannunsu daga zaɓen. Na uku, a wajabta wa ɗalibin komawa garin da ya ɗebo ruwa, ya yi wa mai unguwa da jama'arsa bayanin abin da ya gano cikin harshen da suke ji.

Daga ƙarshe, ina kira ga attajirai da ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai, da ma sassan jami'o'inmu da suka rasa malamansu, da su gwada. Ba sai an tara miliyoyi masu yawa ba. A fara da ɗalibi ɗaya a shekara.