SHARHI: Mai Ɗibar Jini a Godogodo, Wace Takarda Ke Hannunsa?

A ƙananan asibitoci da ɗakunan gwaje-gwaje masu zaman kansu da ke tsakanin Godogodo, Gidan Waya da Kafanchan a Ƙaramar Hukumar Jema'a, ma'aikacin da majiyyaci ke fara miƙa wa hannu bayan ganin likita shi ne mai ɗibar jini. Aikinsa ba ya wuce 'yan mintoci, amma a kansa sakamakon gwaji ya dogara, a kan sakamakon kuma magani da kuɗinsa suka dogara.

Masana aikin gwaji sun daɗe da tabbatar da cewa mafi yawan kurakuran da ake samu a sakamako na faruwa ne tun kafin jini ya kai ga na'ura. Idan aka bar ɗaurin dantse ya wuce minti ɗaya, ko aka zuƙo jini da ƙarfi har ƙwayoyinsa suka farfashe, ko aka zuba shi a kwalbar da ba tasa ba, awon zai nuna abin da babu shi a jikin majiyyaci. Mafi muni shi ne a rubuta sunan wani a kwalbar wani, musamman inda za a yi ƙarin jini ga mai haihuwa ko ga yaro mai amosanin jini. Manomin da ya sayar da buhun masara ya biya kuɗin gwaji, sa'an nan aka ɗora shi a kan maganin cutar da ba ya da ita, ya yi hasara sau biyu.

Shi ma ma'aikacin yana cikin haɗari. Allurar da ta soki mai ciwon hanta ko mai cutar ƙanjamau tana iya sukar yatsan wanda ya riƙe ta. Jos, wadda ba ta da nisa da wannan yanki, ta ga misali tun farkon bayyanar zazzaɓin Lassa: a shekarar 1970 Dakta Jeanette Troup ta rasu bayan ta yanke a hannu tana binciken gawar wanda cutar ta kashe. Saboda irin waɗannan dalilai ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idojin ɗibar jini a shekarar 2010.

A Amurka ɗibar jini sana'a ce mai zaman kanta, ana koyonta cikin 'yan watanni a karɓi satifiket. A Nijeriya kuwa tsarin ya bambanta, kuma rashin sanin wannan bambanci na jawo wa iyalai hasarar kuɗi. Doka mai lamba 11 ta shekarar 2003 ta kafa Majalisar Kula da Aikin Gwaje-gwajen Asibiti ta Nijeriya, wadda aka fi sani da MLSCN, ta kuma ɗora mata alhakin amincewa da makarantu, yi wa ma'aikata rajista da ba su lasisi. Matakan da aka saba da su uku ne: masanin gwaji mai digirin shekara 5 a jami'a da shekara 1 ta sanin makamar aiki, sai ma'aikacin gwaji mai horon shekara 3 a makarantar koyon aikin lafiya, sai mataimaki mai horon shekara 2. A cikin wannan horo ne ake koyon ɗibar jini tare da sauran ayyukan ɗakin gwaji.

Bisa haka, matashin da ya biya kuɗi ya yi wata 3 ko 6 a bayan wani kemis, ko ya sayi kwas ta intanet aka aiko masa da takarda mai hatimi, bai sami abin da zai gabatar ranar ɗaukar ma'aikata ba. Araha ba ta ado. Kafin uba ya biya ko sisi, wajibi ne ya tambayi hukumar makaranta ko majalisar ta amince da kwas ɗin, ya kuma nemi ganin shaida a rubuce.

Batun ya ƙara muhimmanci tun shekarar 2025, lokacin da Gwamnatin Tarayya ta amince da kafa Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya a Kafanchan. Babban asibiti irin wannan yana buƙatar masu ɗibar jini dare da rana, kuma kasuwar ɗakunan gwaji masu zaman kansu kan bunƙasa a kewayensa. Idan 'ya'yan yankin ba su da lasisi, guraben za su tafi ga waɗanda suka zo da nasu daga nesa.

Wasu na cewa a ƙauyen da ba ma'aikaci ko ɗaya, gara wanda ya koya a hannu da babu. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, domin akwai waɗanda suka shekara suna aikin, hannunsu ya faɗa. Sai dai gwanintar samun jijiya ba ta koya wa mutum abin da zai yi idan allura ta soke shi, ko yadda zai adana jini har ya isa ɗakin gwaji. Abin da ya dace shi ne a buɗe wa irin waɗannan hanyar shiga horon da doka ta sani, maimakon a kore su ko a rufe ido a kansu.

Kudancin Kaduna ba baƙo ba ne ga horon ma'aikatan lafiya, ga makarantar jinya da ungozoma a Kafanchan, ga makarantar koyon aikin lafiya ta cocin ECWA a Kagoro. Ya kamata Gwamnatin Jihar Kaduna ta ƙara guraben horon gwaji a yankin, Ƙaramar Hukumar Jema'a ta ɗauki nauyin ɗalibai daga gundumomi irin su Godogodo bisa sharaɗin su dawo su yi aiki a gida, ita kuma majalisar ta riƙa sanar da sunayen makarantun da ta amince da su a gidajen rediyo kafin lokacin sayar da fom.