Baƙon Daura Ba Ya Kwana

Duk wanda ya taɓa raka baƙo zagayen Daura ya san yadda abin yake ƙarewa. A kai shi Kusugu ya leƙa, a jawo masa ruwa da guga ya kurɓa, a ba shi labarin Bayajidda da macijiya da tsohuwa Ayana. Daga nan a wuce fada ya ga soraye, ya ɗauki hoto. Kafin la'asar ya shige mota, ya kama hanyar Kazaure zuwa Kano, ko ta Mashi zuwa Katsina. Ko a Sallar Gani, lokacin da gari ke cika maƙil, yawancin baƙi kallon hawa ya kawo su, ƙurar dawaki na kwantawa sai ka neme su ka rasa. Abin da irin wannan baƙo yake bari a gari bai wuce kuɗin ruwan leda da ɗan abin da ya miƙa a bakin rijiya ba.

Amfanin yawon buɗe ido kuwa a kwana yake. Sai baƙo ya kwana mai masauki yake samu, da mai tuwo, da mai shayin asuba, da ɗan acaɓa, da badukun da za a tsaya a taya kayansa a tsanake. Tarihi muna da shi, babu wanda zai yi mana gori. Abin da muka rasa shi ne dalilin da zai sa mutum ya ce bari in ƙara yini guda. Ni a ganina wannan dalili yana nan kusa, a madatsun ruwan Daberam da Sabke.

Ba mu da dogayen duwatsu masu sanyi irin na Mambila, kuma babu buƙatar mu yi ƙaryar muna da su. Amma ga mutumin da ya shafe wata shida cikin hayaƙin Kano, faffaɗan ruwa a tsakiyar ƙasa mai rairayi, da hantsin hunturu, da kwale-kwalen masunta na dawowa, da tarwaɗar da aka ciro yanzu aka ɗora a wuta, sun ishe shi shaƙatawa. Daberam, wadda ke tsakanin ƙasar Daura da ta Dutsi, ta daɗe tana ciyar da masunta da masu noman rani. Sabke kuma ita ake dogara da ita wajen ruwan sha. Ga Jami'ar Sufuri da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya sun tara ɗalibai da malamai a garin, ga titin jirgin ƙasa na Kano zuwa Maraɗi, wanda aka aza harsashinsa a 2021, ya biyo ta nan. Masu zuwa za su ƙaru, ko mun shirya ko ba mu shirya ba.

To amma a nan nake rabuwa da masu cewa a ba da kwangilar otal a bakin dam. Mun ga wannan a maƙwabta. An gina otal a bakin tafkin Bagauda a Jihar Kano, ya yi tashe, aka riƙa kai baƙi ana alfahari, daga baya ya mutu murus, har sai da aka mayar da wurin makarantar horon lauyoyi. Gini ba ya kiran baƙo. Abin da ke cikin ruwan ne ke kiransa, kuma abin da ke cikin ruwanmu raguwa yake yi.

A tambayi duk masuncin da ya manyanta, a kowane dam na ƙasar Katsina, zai ce kifin da ake kamawa yau bai kai na da girma ba. Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Raga mai ƙananan idanu tana kwashe uwa da 'ya'ya, har akwai masu jan gidan sauro a bakin gaɓa, wato gidan sauron da aka raba don kare yara daga zazzaɓi. Ƙarfasa a baki take riƙe ƙwanta har ya ƙyanƙyashe, don haka wanda ya kama ta a wannan hali ya kama ɗaruruwa ne a kifi guda. Tarwaɗa kuwa da farkon damina take fita cikin ciyayin da ruwa ya malale don ta zuba ƙwai, a daidai lokacin da ta fi sauƙin kamu. Ga yashi da ƙasa da ruwan sama ke kwasowa daga gonakin da aka sare wa itatuwa, suna cike dam ta ƙasa a hankali. Ga maganin feshi na lambunan bakin ruwa. Dokar kamun kifi a ruwayen cikin ƙasa ta 1992 ta haramta guba da nakiya, ta kuma ƙayyade girman idon raga. Wane ne zai bi masunci cikin ruwa da asuba ya auna masa raga? Ma'aikacin da ke zaune a ofis a Katsina ba zai iya ba.

Argungu ta san amsa. Mutane suna kallon bikin su ga dubban masunta sun ruga cikin kogi da homa da gora, su ga giwan ruwan da sai an tallafa ake ɗagawa, su ɗauka sa'a ce. Ba sa'a ba ce. Wurin da ake kira Matan Fada rufe shi ake yi, a hana su a cikinsa har ranar biki, kuma Sarkin Ruwa ne ke riƙe da wannan hani da ikon da masarauta ta ba shi. Tun 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai ziyara garin, ake wannan biki, har hukumar UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya a 2016. Kamun na ɗan lokaci ne ƙalilan, haƙurin na shekara ne. Turawa ma haka suke yi: a Ingila ba ka jefa fatsa sai da lasisi, kuma daga 15 ga Maris zuwa 15 ga Yuni an hana kama yawancin kifayen kogi, don su hayayyafa. Garuruwan da ke cin abinci da masu zuwa fatsa don nishaɗi sun gane cewa kifin da ke cikin ruwa ya fi na cikin kwando kawo kuɗi.

Abin dariya ne a ce Daura ce za a koya wa ƙayyade ruwa, garin da tarihinsa ya fara da rijiyar da ba a ɗiba sai ranar Juma'a. Bambancin kawai shi ne wancan hani na macijiya zalunci ne, wannan kuwa yarjejeniya ce.

Abin da nake roƙon Mai Martaba Sarkin Daura, Alhaji Umar Faruk Umar, da majalisarsa shi ne a tara sarakunan ruwa da hakimai da dagatan da ƙasarsu ta taɓa waɗannan ruwaye. Da yake Daberam ta shafi Dutsi, dole a tuntuɓi Masarautar Katsina, domin kifi bai san iyakar hakimi ba. A ware wani lungu na ruwan a hana su a cikinsa ɗungurungum, a tsayar da watannin farkon damina a matsayin hutu, a amince da idon ragar da kowa zai iya aunawa da yatsunsa. Bayan shekara biyu ko uku, in kifi ya dawo, sai a sa ranar buɗe ruwa kusa da wani babban taron gari, yadda wanda ya zo hawa zai kwana don ya ga su da safe. Runfuna, da banɗaki mai tsabta, da rigunan hana nutsewa a kowane kwale-kwale, sun isa a fara. Rigunan nan ba ado ba ne: hatsarin jirgin fito da ya ci rayuka, ciki har da ɗalibai 'yan Islamiyya, a Bagwai a 2021 bai kamata ya fita daga zukatanmu ba. Sabke kuma, tunda ruwan sha ce, a nisanta taro daga inda ake jan ruwa.

Akwai abu guda da zai iya rusa duk wannan, shi ne yunwa. Masuncin da aka ce ya rataye ragarsa wata uku yana da iyali, kuma in ba a tanadar masa komai ba, da dare zai shiga ruwa, ba kuma zan ga laifinsa sosai ba. Sa'ar da aka yi ita ce watannin hutun sun zo daidai da shuka da noman farko, kuma akasarin masuntanmu manoma ne. Taki da iri a kan lokaci, daga ƙananan hukumomin da ruwan ya shafa, sun fi arha nesa ba kusa ba a kan harsashin otal. Idan ana son hutun ya fara da daminar baɗi, taron nan sai a yi shi kafin watan Afrilu ya fita.